Hannun da Ya Riƙe Labule

Shekara ashirin da biyar Mai Hoto ya yi yana zagaya ƙauyuka bakwai na cikin kwari a kan keke, kuma ya sha bugun ƙirji cewa babu fuskar da ta girma a kwarin nan ba ta bi ta cikin kyamararsa ba. Ba a musa masa, don a zamaninsa ko akuya ce ta haifi huɗu sai an aika a kira shi. Fuska ɗaya ce ta kuɓuce masa, ita ce ta matarsa. Wannan kuwa ba ya cikin abin da yake faɗa wa mutane.

Yanzu ya kai tamanin. Kwarin ma babu shi, ruwan madatsa ya shanye shi da gonakinsa da rijiyoyinsa, aka kwaso mutanen ƙauyukan bakwai aka jera su a kan tudu cikin gidaje masu kama ɗaya. Shi yana zaune a gidan 'yarsa Auta, wadda ke aikin jinya a ƙaramin asibitin tudun. Aikinsa zaman baranda, da gyara wa masu ɗaukar hoto da waya tsayuwarsu ba tare da sun tambaye shi ba.

Asalin abin dai labule ne. Tun farkon sana'arsa ya gane cewa mutumin ƙauye ba ya son a ɗauke shi a ƙauye. Wanda ya wuni yana kallon rumbu da katangar ƙasa ba zai yi wanka ya ari agogo don a ɗauke shi a gabansu ba. Sai ya tafi birni wurin wani mai rubuta allon shaguna, ya ce a zana masa labule kamu takwas. Mai zanen ya auna da nasa kamun, shi kuwa gajeren mutum ne, labule ya fito kamu takwas na gajere. A jikinsa akwai bene hawa huɗu, da fitilar kan titi, da jirgin sama, da mota mai ƙafa uku, don fenti ya ƙare kafin a kai ta huɗun. Mai Hoto ya so ya yi rigima, amma da ya kai labulen kwari ya ga babu wanda ya ƙirga ƙafafun motar, sai ya bar maganar.

Matsalar labulen ita ce ba ya tsayuwa da kansa. Gefe ɗaya a ɗaure shi a jikin bishiya, ɗaya gefen kuwa sai an sami mai ja, in ba haka ba bene ya yi ciki kamar wanda ya ƙoshi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi kuma a lokacin sabon aure gare shi, don haka aikin ya faɗa kan amarya. Ita ce a bayan keke da labule a naɗe bisa cinyarta, daga ƙauyen gangare zuwa ƙauyen gada, daga can zuwa na bakin rafi. In an isa sai ta laɓe a bayan labulen, ta miƙa hannu sama ta kama kusurwarsa ta ja. Shi kuma ya kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, ya leƙa, ya ce, "Ja kaɗan! Kada a motsa!" Sai ka ji ƙyas, ya ce, "An ɗauka."

Saboda gajartar labulen, a gefen dama na kowane fim akan sami wani siririn wuri, faɗin ɗan yatsa, inda labule ya ƙare duniya ta ci gaba. Nan hannunta ke fitowa, da duk abin da ke bayanta. Wannan wurin shi ne abin kunyar Mai Hoto. In ya shiga ɗakin duhu wanke hotuna, yana da wani baƙin kwali da yake rufe gefen da shi, abin da ya rage kuma almakashi ya gama da shi. Bai taɓa barin ko farcenta ya fito a hoton kowa ba, kuma yana alfahari da hakan.

Takan tambaye shi, ba kullum ba, kamar sau ɗaya a shekara.

"Maigida, ni fa yaushe zan shiga benen nan?"

"In kin zauna wa zai riƙe?"

"To a ɗauke ni haka nan mana, a jikin bishiya."

"Matar mai hoto a jikin bishiya? A ce me? Bari dai fim ya rage."

Fim ɗinsa hoto goma sha biyu yake ci, kuma bai taɓa ragewa ba. Ita ma ba mai naci ba ce. Takan yi dariya ta naɗe labule, su kama hanya. Da haka suka haifi 'ya'ya huɗu, da haka aka yi shekara goma sha bakwai, sai wani zazzaɓi na kwana shida ya tafi da ita, Auta tana da shekara biyar.

Da ya koma aiki ya rasa mai ja, sai ya je wurin kafinta ya karɓo katako huɗu da ƙusa, ya haɗa wa labulen firam a tsakar gida. Kafin rana ta take tsaka ya gama. Ya tsayar da shi, labule ya miƙe ɗas, ko lanƙwasa babu, ba kowa a bayansa. Mai Hoto ya zauna a ƙasa ya daɗe yana kallonsa. Aikin rabin yini ne, kuma ya yi shekara goma sha bakwai bai yi shi ba. Kunyar da ya ji a ranar ba ta taɓa sakinsa ba, ya dai koyi zama da ita kamar yadda ake zama da ciwon gwiwa.

Bayan shekara takwas ruwa ya zo, aka tashi kwarin. Ba su daɗe a tudu ba Auta, tana 'yar shekara goma sha uku, ta tsaya a kansa ta ce tana son ganin hoton mamanta, don ta yi ta ƙoƙarin tuno fuskar ta kasa. Ya dube ta, bakinsa ya riga hankalinsa, ya ce ai hotunanta suna cikin kayan da ruwa ya ci. Yarinya ta yarda. Ta girma tana jin haushin madatsar ruwa, har ta kai ko kifin cikinta ba ta ci. Shi kuwa yana ci, amma ba a gabanta ba.

An yi shekara ashirin da takwas a haka, sai ga Hedimasta. Shi ne ya riƙe makarantar ƙauyen gada har ranar da aka kwashe bencinan, kuma tunda ya yi ritaya ya ɗaura niyyar rubuta tarihin ƙauyukan bakwai kafin masu tunawa su ƙare. Ya bi gida-gida ya aro tsofaffin hotuna ɗari huɗu da goma sha biyu. Wata ranar Laraba da hantsi ya iso baranda da jaka, ya gaisa a gajarce, ya zazzage su a kan tabarma.

"Mai Hoto, duk waɗannan aikinka ne?"

"Da gani ai babu tambaya, Malam. Dubi haske."

"Na ga haske. Ina rijiyar ƙauyen gangare?"

"Tana bayan labule."

"Gadar katako fa? Injin niƙa? Makarantata, wadda na yi shekara ashirin ina share wa ƙofa?"

"Duk suna baya."

Hedimasta ya cire tabarau ya goge, ya mayar. "Bawan Allah, kai kaɗai ne mai kyamara a kwarin nan. Duk wanda ya duba hotunan nan bayan shekara ɗari zai rantse mutanen ƙauye bakwai a gida ɗaya suka zauna, mai hawa huɗu, kuma jirgin nan ya yi shekara ashirin da biyar a sama bai sauka shan mai ba."

"Malam, kai ma ga ka nan a gaban benen, har da biro uku a aljihu. Ban ji ka ce a kai ka gaban makaranta ba."

Hedimasta ya yi kamar bai ji ba. Ya tona cikin tarin ya zaro wani hoto. "Abu ɗaya ne ya taɓa canzawa a birnin nan naka. A hoton tela an yi gajimare. Ga shi nan fari fat a gefen bene, har ya sauko ƙasa. Ban taɓa ganin gajimaren da ke tsaye a kan titi ba."

Mai Hoto bai karɓi hoton ba. Ya yi tari, ya ce yanayi ne.

Daga nan Hedimasta ya tambayi baƙaƙen finafinan da ake wanko hotuna daga jikinsu, waɗanda masu sana'ar ke kira nagatif, ko akwai sauransu. Da Mai Hoto ya san Auta ta dawo daga aiki tana cire takalmi a bakin ƙofa, da ya ce babu. Sai ya ce suna nan, shi bai taɓa yar da ko ɗaya ba.

"Baba, akwatin nan na ƙarƙashin gadonka?" in ji Auta. "Ba ce mini ka yi kayan gyaran keke ne ba?"

"Har da su."

"Ba ruwa ya ci ba?"

"Ya ci wasu."

Ta tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Mace mai shekara arba'in da ɗaya, mai 'ya'ya uku, sai ga fuskarta ta koma ta yarinyar nan mai shekara goma sha uku. "To wataƙila na Mama na ciki," ta ce.

An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, na Mai Hoto dai ya yi shekara ashirin da takwas ana tafiya a ciki, har ya ɗauka hanya ce.

Aka jawo akwati. Duk abin da za a faɗa a kan Mai Hoto, ba za a ce masa maras tsari ba. Kowane nagatif yana cikin ambulan ɗinsa, an rubuta ƙauye da rana da wanda aka ɗauka, an jera su cikin gwangwanayen biskit shekara-shekara. Hedimasta ya ɗaga na farko a jikin gilashin taga, ya ga baƙin bene da farar ƙofa, ya yi tsaki. Ya ɗaga na biyu. A na uku ya matso da hancinsa har yana taɓa fim ɗin.

"Mene ne wannan a gefe?"

"Ɓarna ce. Labule ne bai kai ba."

"Ɓarna? Wannan ai bakin rijiya ne! Ga gugar nan a rataye!"

Tun daga ranar Hedimasta ya tare a barandar, sai dai bai kawo gadonsa ba. Auta ta gano yadda za ta ɗauki nagatif da wayarta ta juya baƙi ya koma fari, Hedimasta kuma ya riƙa kai wa mai shagon buga takardu ana fitar masa da siraran gefunan nan da girma. Da yake a kowane ƙauye bishiya ɗaya Mai Hoto ke ɗaura labule, amma ba a reshe ɗaya ba, kowane gefe ya kamo wani ɓangare na dabam. Hedimasta ya sayo kwali da gam, ya riƙa jera su kamar mai ɗinkin tsumma. Rijiyar gangare ta fito a yanki tara. Gadar katako ta ci ashirin da uku, duk da haka tsakiyarta babu. Makaranta ta fito da rabin ƙofa da taga ɗaya, ya kalle ta ya share hawaye, ya ce gam ɗin ne ke da yaji.

Mai Hoto ba ya buƙatar waya. Shi nagatif kamar wasiƙa yake karanta shi, ko da idon ya yi rauni. Yakan ɗaga ya ce, "Wannan katangar mai injin niƙa ce, shekarar da ta faɗi aka sake ta." Mutanen tudu suka ji labari suka fara zuwa, tsofaffi suna nuna ɗan yanki da sanda suna gardama a kan ko ƙofar wane ce. Har aka fara yaba masa, ana cewa ashe ya yi hangen nesa. Ya karɓi yabon hannu biyu, tunda ba kullum ake yabon mutum a kan abin da ya yi shekara ashirin da biyar yana ɓoyewa ba.

Auta kuwa ba rijiya take nema ba. Kullum ta dawo aiki sai ta zauna ta bi ambulan ɗaya bayan ɗaya tana karanta abin da aka rubuta, ko za ta ga inda aka sa mamanta. Ta wuce limamai da maƙera da 'yan makaranta da akuyar nan mai 'ya'ya huɗu. Shi yana gefe yana kallon gwangwanaye suna raguwa, yana jin kamar kwanakinsa ake buɗewa.

A mako na biyu ta ce, "Baba, wannan hannun na waye? A kowanne yana nan, a sama."

"Mai riƙe labule ne."

Ba ta sake tambaya ba, sai ta daina karanta ambulan ta koma kallon hannun. Ta bi shi shekara-shekara. A gwangwanin farko hannu ne cikakke, da awarwaro biyu da suka kama shi cif. Can gaba tabon ƙuna ya bayyana a bayan babban yatsa, bai sake ɓacewa ba. A wasu shekarun, ƙasa da gwiwar hannun, wata 'yar ƙafar jariri tana leƙowa daga goyo. Ƙafar ta zo ta tafi sau huɗu. A ta huɗun Auta ta duba ranar da ke jikin ambulan, ta ajiye, ta dubi tata ƙafar. Daga nan hannun ya fara ramewa, awarwaron suka riƙa zamewa har gwiwa. Sai ta buɗe wani ambulan ta ga babu hannu, sai katako da kan ƙusa.

Ta karanta ranar. Ta san ranar da mamanta ta rasu, don duk shekara takan tuna. Tsakaninsu kwana arba'in da uku ne.

Hedimasta ya tafi sayen gam, su biyu ne a barandar.

"Baba, hannun Mama ne."

"Nata ne."

"Ina sauranta?"

Ya so ya sake cewa ruwa ne ya ci, amma ya ga ruwan ya ɗauki laifin da ya ishe shi. Ya ce, "Babu. Ban ɗauke ta ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya. In ta zauna babu mai riƙewa."

"Ta tambaya?"

"Takan tambaya."

Auta ta mayar da nagatif ɗin cikin ambulan, ta rufe gwangwani, ta daidaita murfin sosai. Ta ce, "Shekara ashirin da takwas ban ci kifi ba, Baba." Ta tashi ta shiga ciki.

Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi. Kwana uku tana gaishe shi da safe, tana kawo masa abinci da maganinsa a kan lokaci, tana ce masa sannu in ya yi tari, kamar yadda take yi wa kowane majinyaci a asibiti. Ya gane cewa zai iya mutuwa a haka, ana kula da shi babu abin da ya rasa, kuma tsoron hakan ya kama shi fiye da tsoron mutuwar. A rana ta huɗu ya ce wa Hedimasta ya ba shi hoton tela, sannan ya sa aka kira Auta.

"Kin ga gajimaren nan? Ni na yi shi."

Ya ba su labarin a taƙaice, idonsa a kan tabarma. Ranar kasuwar ƙauyen gada ce, hadari ya haɗo, tela ya zauna da aron agogo, kuma hoto ɗaya ya rage a fim. Daidai lokacin da ya ce kada a motsa, iska ta fizge kusurwar labulen daga hannun matarsa ta naɗe shi, yatsansa kuma ya riga ya sauka. Ya yi mata faɗa tun daga nan har gida, keke na tafiya yana yi. Da ya wanke fim ɗin ya ga tela ya fito lafiya, rabin bene ya fito, sauran wurin kuwa ita ce tsaye. Sai ya ɗauko jar tawadar da masu hoto ke toshe ɓarna da ita, ya shafe wurin da buroshi. Abin da aka toshe a nagatif fari yake fitowa a hoto. Tela ya karɓa ya ce gajimaren ya yi kyau.

"Wato ka taɓa ɗaukarta," in ji Auta.

"Iska ce ta ɗauke ta. Ni gogewa na yi."

Aka nemo ambulan ɗin tela. Ga jan nan ya bushe ya yi kauri, ya rufe kusan sulusin fim ɗin. Mai Hoto ya ce tawadar tana wankuwa da ruwa, amma akwai magana. Fim fuska biyu gare shi. In a baya ya shafa, mai ƙyalli, jan zai tafi ya bar hoto. In kuwa a ciki ya shafa, inda hoton yake kwance, to ruwa zai kwashe su tare. Ƙa'ida a baya ake shafawa, amma a ranar yana cikin fushi, ba zai rantse ba.

Ya ce wa Auta, "Juya shi a haske. Gefen da jan yake, yana ƙyalli ko ya dushe?"

Ta juya, ta sake juyawa. "Duka biyun sun tsufa, Baba."

Hedimasta ya ba da shawarar a kai birni wurin masana. Auta ta ce ta gaji da jira. Mai Hoto ya miƙa hannu zai karɓa, suka dubi hannun tare, yana rawa kamar ganye. Ya janye shi.

"Ke za ki yi. Ai wanke ciwo ne aikinki."

Ta kawo auduga da ruwa mai ɗumi a kofi, ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur kusa da taga. Ya ce ta fara daga can ƙarshe, ta matse audugar sosai, kada ta goga, ta dangwala kawai. Ta ce ta sani. Ya ce ya san ta sani. Audugar farko ta yi ja, ta biyu ma haka. Ta ɗaga fim ɗin a taga, wurin da ta taɓa ya yi haske fayau, babu komai a ciki. Mai Hoto ya ɗauko gilashinsa na ƙara girma ya duba, ya daɗe, sannan ya ce wannan baƙin hadari ne, haka yake fitowa, ta ci gaba.

Ta ci gaba. Wani layi ya bayyana, sai wani a kusa da shi.

"Tsakiyar gada!" in ji Hedimasta, har yana ture kofi. "Wallahi tsakiyar gada ce!"

"Malam," in ji Auta, ba ta ɗago ba, "ana ga yaƙi kana ga ƙura."

Ya koma ya zauna, ya riƙe kofin da hannu biyu.

Hannun ne ya fara fitowa, a sama, a buɗe, labule ya kuɓuce masa. Sai awarwaro, sai kafaɗa, sai ɗankwali da iska ta ture gefe. Auta ta canza auduga, ta tsaya ta goge tafinta a jikin zane, ta koma. Ta daɗe a kan wurin da ya rage, wanda bai fi ƙwayar wake ba. Da ta gama ba ta duba ba. Ta manna fim ɗin a gilashin taga, ta ɗauka da waya, ta juya baƙi ya koma fari, ta buɗa da yatsu biyu.

Mace ce 'yar siririya mai faɗin goshi, da wushirya, tana kallon kyamara kai tsaye, baki buɗe tana dariya har idanunta sun ƙanƙance. Auta ta kai harshe ta taɓa tata wushiryar. Ta zauna a kan tabarma da wayar a hannu, hawaye na zuba ba ta share ba.

Can ta ce, "Me take wa dariya?"

"Ni," in ji Mai Hoto. "Ina cikin yi mata tsawa."

Auta ta yi wata 'yar dariya da ta haɗe da kuka. Ta matsa gefe a kan tabarmar, ta bar masa wuri, ta miƙa masa wayar. Ya girgiza kai, ya ce shi ba ya gani a wannan abin. Ya dafa tebur ya miƙe, ya je wurin akwati ya tona har ƙasa, ya zaro baƙin kwalin nan da ya yi shekaru yana rufe gefe da shi, duk kusurwoyinsa sun cinye. Ya taka zuwa taga. Hedimasta ya buɗe baki zai ce a yi hankali da gada, ya dubi Auta, ya rufe.

Mai Hoto ya ɗora kwalin a kan nagatif ɗin, ya rufe tela da agogonsa, ya rufe bene da jirgi da mota mai ƙafa uku, har ya rage ita kaɗai a cikin hasken taga. Hannunsa yana rawa, fim ɗin yana rawa tare da shi. Auta ta taso ta sa yatsa ta danne masa kusurwar sama.

Ya sunkuya, ya rufe ido ɗaya kamar yadda ya saba, ya leƙa.

"Kada ki motsa," ya ce.